Daga Allon Malam: Yaushe Za a Yi Masa Ƙani?

Jama'a, wannan wata za mu taɓo maganar da maza ba su son ji. Ɗa ɗaya Allah Ya ba mu, shekararsa tara. Muna zaune a Khartum, ba taron sunan da zai watse ba a tambayi maiɗakinmu ba: "Yaushe za a yi masa ƙani?" Mu kuwa ba wanda ya taɓa tambayarmu.

Wani likita a Omdurman ne ya ce mana in an shekara ana nema ba a samu ba, miji da mata duka ake aunawa. Muka daure muka je, ashe matsalar daga wajenmu take. Shekara biyar baiwar Allah tana shan gori a kan laifin da ba nata ba.

Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya watsa dangi, wasu Masar, wasu Bur Sudan. Yaron ya rasa abokan wasa, ya shiga tambayar ƙani da kansa. Muna magani, muna addu'a. In bai zo ba, wannan ɗin ma kyauta ce.

Maigida, kafin ka yi zancen kishiya, je a auna ka. Sai wata mai zuwa.