Saloma: Mawaƙiyar da aka raɗa wa gada sunanta kusan shekara 37 bayan rasuwarta

Da dare ya yi a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, masu yawon buɗe ido kan cika wata gadar masu tafiya a ƙasa mai fitilu kala-kala suna ɗaukar hoto. Sunanta Saloma Link, an buɗe ta a Fabrairun 2020. A gefenta maƙabartar Musulmi ta Jalan Ampang take, inda aka binne mai sunan.

An haifi Salmah Ismail a Singafo a 1935. Tun tana ƙarama ta fara waƙa a wuraren shaƙatawa, daga baya ta zama muryar da ake ɗora wa jarumai mata a finafinan harshen Malay, ita ma kuma ta fito a fim kamar Seniman Bujang Lapok na 1961. A shekarar ce ta auri P. Ramlee, jarumi kuma darakta mafi shahara a lokacin. Har ɗinkin rigarta ta kebaya 'yan mata suka riƙa kwaikwaya.

Sai dai ta yi tashe ne dab da faɗuwar kasuwar. A 1964 ma'auratan suka koma Kuala Lumpur, inda kayan aikin fim ba su kai na Singafo ba. A 1965 Singafo ta rabu da Malesiya, a 1967 kamfanin Shaw Brothers ya rufe ɗakin shirya finafinansa na Malay. Talabijin da finafinan ƙasashen waje suka janye 'yan kallo. P. Ramlee ya rasu a 1973 yana da shekara 44, cikin ƙuncin rayuwa, kuma manyan lambobin girmamawarsa sai bayan ransa suka zo.

Ita dai ta ɗan ci sa'a: a 1978 aka ba ta laƙabin Biduanita Negara, wato mawaƙiyar ƙasa, shekara biyar kafin rasuwarta a 1983.

Gadar kuwa ba karramawa kaɗai ba ce, akwai lissafin kasuwa a ciki. Ta haɗa yankin dogayen benayen Petronas da Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da masu gine-gine suka daɗe suna zawarcin filayenta. An shafe shekaru ana taƙaddama da mazauna kan rusau da kuɗin diyya. Sunan Saloma na jawo baƙi zuwa unguwar, amma hakan na ƙara wa filayen daraja, matsin lambar a sayar kuma na ƙaruwa a kan iyalan da suka gaji gidajen katako a wurin.