Shiru Ma Magana Ce: Daga Habasha Zuwa Maraɗi

Ran 3 ga Oktoba 1935 sojojin Musolini suka faɗa wa Habasha da yaƙi. Italiya ta riga ta sa hannu a yarjejeniyar Janeba ta 1925 wadda ta haramta makamai masu guba, amma duk da haka jiragenta suka dinga zuba iska mai guba, wadda ake kira iperit, bisa soja da manoma da dabbobinsu. Ko asibitocin agaji ba su tsira ba: ran 30 ga Disamba 1935 aka yi wa na ƴan Suwidin ruwan bama-bamai kusa da Dolo.

Kwamitin duniya na Croix-Rouge ya san abin da ake ciki, don kuwa wakilinsa, Dokta Marcel Junod, ya ga waɗanda guba ta ƙone da idonsa a Korem. Amma da Ƙungiyar Ƙasashe ta wancan zamani ta nemi rahotanninsa cikin Afrilu 1936, sai kwamitin ya hana, wai shi ɗan ba-ruwanmu ne. Ran 5 ga Mayu Adis Ababa ta faɗi. Shirun nan bai ceci Bahabashe ko guda ba. Musolini kaɗai ya amfana da shi.

Masu kare kwamitin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce: mai agaji in ya yi magana a kore shi, majinyata su rasa mai duba su. Mutanen Agiye da Gazawa da Gidan Runji sun san haka. A 2005, sa'ad da tamowa take kashe yara a jahar Maraɗi, shugaba Tanja Mamadu ya musanta cewa akwai yunwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda aka kafa a 1971 bayan wasu daga cikin mutanenta sun yi tir da shirun Croix-Rouge a yaƙin Biyafara, ta fito da alƙalumanta fili. A shekarar ta yi jinyar yara kimanin dubu 60 a Nijar. Cikin Yuli 2008 gwamnati ta dakatar da reshenta na Faransa a Maraɗi, kafin ƙarshen shekara ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar.

Lalle faɗin gaskiya yana da tsada. To amma a auna: maganar 2005 tana cikin abin da ya jawo hankalin duniya har taimako ya ƙaru, shirun 1936 kuwa guba ya ƙara wa wa'adi. Zama ɗan ba-ruwanmu shi ne kada likita ya tambayi majinyaci jam'iyyarsa ko ƙabilarsa kafin ya ba shi magani. Ba ya nufin ya ɓoye abin da ya gani.

Darasin bai tsaya ga Turawan agaji ba. Ma'aikacin da ke riƙe da rajistar asibiti, da ɗan kasuwar da ya san kuɗin tiyar hatsi tun kafin labari ya kai Yamai, su ma shaidu ne. Ran da aka nemi su rage lissafi don kare mutuncin hukuma, su tuna wanda ya ci ribar shirun Janeba.