Akwatin 'yar jami'a ba lefe ba ne

Duk lokacin da jami'o'i suka fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, mutum biyu ne aiki ke yi wa yawa a Rijiyar Zaki: mai shagon kwamfuta da ke buga takardun rajista, da kuma tela. Na farko yakan sallami mutum cikin yini ɗaya. Na biyu kuwa sai ya yi makonni yana kwana a kan keke, saboda gidajen da 'yarsu za ta koma ɗakin kwanan ɗalibai sun jibge masa ɗinki kamar ana jajibirin Sallah.

Rijiyar Zaki, wadda ke kan titin Gwarzo a Ƙaramar Hukumar Ungogo, maƙwabciyar sabon mazaunin Jami'ar Bayero ce. Mutanen unguwar suna ganin ɗalibai safe da yamma, a bakin titi da cikin adaidaita-sahu da gidajen haya. Wannan maƙwabtaka ta yi rana, domin ta sa karatun 'ya mace ya zama abin da ido ya saba da shi har a ƙauyukan da ke bayan unguwar, inda gero da dawa da gyaɗa ke riƙe da gida har yau. Sai dai ta zo da wata illa. An ɗauki kwalliyar da ake gani a jikin wasu tsirarun ɗalibai a bakin ƙofar jami'a a matsayin ma'aunin abin da kowace yarinya za ta tafi da shi.

Da haka akwatin ɗaliba ya koma ƙaramin lefe. Atamfa turmi kaza, leshi, shadda, abaya kala-kala, kowane kaya da mayafinsa da takalminsa da jakarsa. Uwa ta kwashe adashenta, ta sayar da akuyar da take kiwo, uba ya fitar da buhun hatsi tun da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa. Idan aka tambayi dalili, amsar guda ce: kada a raina ta.

Wannan tsoro ba abin dariya ba ne, kuma duk wanda ya yi watsi da shi bai san zuciyar uwa ba. Sutura mutunci ce. Yarinyar da ta fito daga gidan manomi za ta zauna a aji ɗaya da 'yar ɗan kasuwar Kantin Kwari da 'yar babban ma'aikacin gwamnati, kuma akwai bakin da ba ya jin nauyin kiran mutum 'yar ƙauye. Uwar da ta ce ba za a ga 'yarta a wulaƙance ba tana da gaskiyarta. Inda aka yi kuskure shi ne zaton cewa yawan kaya ne ke sayen mutuncin.

Abin da yawancin iyaye ba su taɓa gani da idonsu ba shi ne cikin ɗakin da za a kai akwatin. Ɗakin kwanan ɗalibai a jami'ar gwamnati ba ɗakin amarya ba ne. Gadaje ne masu hawa biyu, mutum huɗu ko shida ko fiye a ɗaki guda, ban da wadda ba ta samu gado ba ta raɓe a wajen ƙawarta. Rabon kowa loka ɗaya ce, ko wani ɓangare na durowa, sai ƙarƙashin gado idan ta yi sa'ar samun na ƙasa. Wadda ta zo da akwati uku, a kan katifarta ɗaya zai kwana, ita kuma ta takure a gefe. Tun daga ranar farko ta fara samun saɓani da abokan zamanta a kan wuri.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ya kamata ta yanke hukunci a kan komai. A gida akwai rijiya ko mai kura, akwai ƙanne da za a aika. A makaranta kuwa ɗaliba da bokitinta za ta bi layin famfo, wani lokaci ta hau bene da shi, kuma da wannan ruwan za ta yi wanka da alwala da girki da wanki. Duk kayan da ba za a iya wanke su da rabin bokiti a shanya su bushe kafin la'asar ba, nauyi ne kawai. Leshi mai duwatsu ba ya son cuɗa. Shadda tana son sitati da bugu ko guga mai kyau, ga shi wuta ba ta da tabbas, kuma makarantu da dama suna taƙaita amfani da kayan lantarki a ɗakuna saboda gudun gobara. Ƙarshenta waɗannan kaya masu tsada sukan koma gida a ƙarshen zango da ninkin tela a jikinsu, idan ba su yi ƙafa daga kan igiyar shanya ba.

Lissafin da ya dace mai sauƙi ne: kayan mako guda, ba na shekara ba. Ranakun lakca biyar ne, wani lokaci shida. Kaya shida ko bakwai marasa nauyi, na atamfa mai sauƙin kuɗi ko yadi mai saurin bushewa, sun isa a zagaya mako a wanke ranar Asabar. Doguwar riga ta fi riga da siket sauƙin sha'ani ga mai lakcar ƙarfe takwas. Hijabi uku ko huɗu masu launin da ke shiga da kowane kaya, kamar baƙi da ruwan toka da ruwan ƙasa, sun fi mayafai goma da kowanne bai dace da komai ba sai kaya ɗaya. A ware hijabin sallah daban. Abaya baƙa guda ɗaya tana rufa asiri a ranar da wanki ya taru. Kayan fita kunya kuwa, na Juma'a ko na wani taro, biyu sun wadatar.

Wurin da ya kamata a kashe kuɗi ba tare da ƙyashi ba shi ne wurin da ido ba ya gani. Kayan ciki na auduga masu yawa, domin su ne ake sauyawa kullum, kuma su ne ba a aro. Audugar mata ta wata biyu ko uku, wadda kunya kan hana yarinya ta tambayi mahaifinta kuɗinta a waya. Zannuwan zaman ɗaki, zanin gado biyu, gidan sauro, silifas na banɗaki. Sannan takalmi mai faɗi mai ƙwari. Duk wanda ya san sabon mazaunin Jami'ar Bayero ko harabar Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello ya san tafiyar da ke tsakanin ɗakin kwana da ɗakin lakca. Takalmi mai tsini ba ya kai mako biyu a wannan hanya, ƙafar mai shi ma haka.

Yanayi ma yana da nasa haƙƙin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, kuma sanyin asuba a ɗakin da tagarsa ta fashe ba irin na ɗakin uwa ba ne. Rigar sanyi ɗaya mai kauri da safa da bargo da man shafawa sun fi leshi amfani nesa ba kusa ba, kuma 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai suna da rigunan sanyin da suka fi sababbi na kanti ƙarko. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi kan haura digiri 40 a Kano, lokacin da yadin roba ke zama azaba a ajin da ya cika maƙil. Ba dole ba ne a ɗauki kayan yanayi biyu a tafiya guda. Mai karatu a Wudil ko Dutse ko Zariya ba ƙasar waje ta tafi ba, tafiyar 'yan sa'o'i ce, za ta dawo hutu ta sauya.

Akwai kuma abin da ake mantawa sai an je: sashen karatu na iya zuwa da nasa sharaɗin. Ɗaliban shari'a baƙi da fari suke sawa. Masu karatun kimiyya da likitanci suna buƙatar farar rigar ɗakin gwaje-gwaje, masu koyon jinya suna da kayan aikinsu. Jami'o'i da dama kuma suna da dokar sutura da masu gadi ke dubawa tun daga ƙofa. Yarinyar da aka ɗinka wa atamfa goma sha biyu, ta je ta tarar baƙin siket da farar riga za ta riƙa sawa kusan kullum, an yi asarar kuɗi sau biyu ke nan.

Kuma kuɗin ba a banza yake ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira ta faɗi, kuɗin mota da na abinci suka ninka, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar 2024. A shekarar 2023 ɗin ce jami'o'in tarayya da dama, har da ta Bayero, suka ƙara kuɗin rajista. Atamfar da ake yayi kuwa mafi yawanta daga waje take shigowa, tun bayan durƙushewar masaƙun Kano da Kaduna, don haka farashinta dala yake bi. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, naira 20,000 yake ba ɗalibi a wata don ɗawainiyar kansa. Turmin atamfa mai ɗan kyau guda ɗaya da kuɗin ɗinkinsa na iya lashe wannan kuɗi gaba ɗaya. Wato duk kaya ɗaya da aka ƙara a akwati don ganin ido, kuɗin cefanen wata guda ne aka ninke aka ajiye a ƙarƙashin gado.

A nan ne hatsarin yake. Yarinyar da ta tafi da akwati cike da aljihu wayam, zuwa mako na shida garinta da manta sun ƙare, ga kuɗin takardun darasi, ga na data, ga na mota. Ta san an ci bashi a kanta, don haka ba za ta iya buɗe baki ta kira gida ba. Atamfa ba ta dafuwa. Irin wannan hali ne ke sa wasu zuwa lakca da yunwa, wasu kuma su fara sauraron mutanen da ke faka motoci a bakin ɗakunan kwanan mata da magariba. Iyayen da suka tsorata da raini sun tura 'yarsu inda ya fi raini muni ba tare da sun sani ba. Akwai ma abin da ya fi wannan ciwo, wato gidan da aka dubi tsadar “kayan tafiya” aka ce a haƙura da karatun sai baɗi, baɗin da sau da yawa ba ta zuwa.

'Yan matan su ma suna da nasu laifin. Mafi yawan jerin kayan da ake kai wa uwa daga TikTok da Instagram aka kwaso shi, daga bidiyon wasu da ke baje kayan komawarsu makaranta a gaban kyamara. Ba a tambayar ko wane ne ya saya musu, ko kuma talla suke yi. Bayan an shiga makaranta kuma sai anko ya biyo baya: na ranar al'adu, na walimar sashe, na bikin 'yar ɗaki, na bikin yayar ƙawa. Wadda ba ta koyi cewa “Allah Ya sanya alheri, ba zan samu yi ba” tun a zangon farko ba, za ta gama shekara huɗu tana biyan bashin yadin da sau ɗaya ta sa shi.

Iyaye matan da suka yi makarantar kwana irin su Dala ko Shekara za su tuna cewa takardar shiga makaranta tare take zuwa da jerin kaya: yunifom kaza, kayan zaman gida kaza, bokiti, buta, fitila. Wannan 'yar takarda ta kare talaka, domin ta sa wa mai kuɗi iyaka. Ba wanda ke cewa a sa wa 'yan jami'a yunifom. Amma babu abin da zai hana ofishin kula da harkokin ɗalibai ya liƙa shafi guda a shafin rajista, da Hausa da Turanci, mai bayyana girman loka, yawan mutanen ɗaki, abin da aka hana shiga da shi, da suturar da kowane sashe ke buƙata. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi da ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumomi, irin ta Ungogo, za su iya yaɗa shi a WhatsApp cikin yini guda. Uwar da ke da irin wannan takarda a hannu ta samu abin da za ta nuna wa 'yarta, da kuma gwaggon da ke cewa ai 'yar gidan wane da akwati huɗu ta tafi.

Kafin makarantu su yi nasu, akwai dabarar da ba ta cin ko sisi. A raba kuɗin da aka tanada gida uku. Kashi ɗaya a yi ɗinki da sayayyar dole, yarinya ta tafi da akwati ɗaya da jakar bakko ta kayan abinci. Kashi na biyu a sa mata a asusunta na banki. Na ukun ya zauna a hannun uwa har sai ta yi mako uku a makaranta, ta ga ɗakin, ta ga layin famfo, ta ji abin da sashenta ke nema. A lokacin ne za ta kira ta faɗi abin da ya rage mata da gaske, kuma sau da yawa ba leshi ba ne: bokiti na biyu ne, da kwaɗon loka, da ƙarin hijabi baƙi guda ɗaya.