Batman Yana Tafe, Ɗakin Kwamfutarmu Yana Kulle



Mako biyu ke nan babu hirar da ake yi a ajinmu lokacin tara sai ta Batman. Wani ɗan ajinmu ne ya ga tallan sabon gem a wayar yayansa, ya zo yana ba mu labari, har da miƙewa tsaye yana kai wa iska naushi. Ranar Laraba wasu biyu suna gwada faɗan Batman, ɗaya ya bugi lubar taga ta fashe. Malamin duti ya sa su tsallen kwaɗo, ya kuma ce duk wanda ya sake ambaton gem a makarantar nan zai share bayan ofis. Mu 'yan Ƙungiyar 'Yan Jarida mun zauna mun tattauna, muka ga ya dace mu faɗi ra'ayinmu cikin ladabi. Malam, a yi mana afuwa, dole mu ambace shi. Idan ta kama mu yi sharar, mun san inda tsintsiya take.

Ga waɗanda ba su ji ba, sunan gem ɗin Batman: Arkham Shadow, kuma ya fito a watan Oktoba, 2024. Wani kamfani ne a Amurka mai suna Camouflaj ya ƙirƙiro shi, shi ne kuma ya yi gem ɗin Iron Man VR a 2020. Batman kansa tsohon hannu ne, tun 1939 ya fara fitowa a littafin zane, lokacin ko kakannin wasunmu ba a haifa ba. A wannan karon zai kara da wani mugu da ake kira Rat King, wato Sarkin Ɓeraye, a birnin Gotham, birnin da babu shi a taswira.

Abin da ya sa ake ta zumuɗi shi ne ba a talabijin ake buga shi ba. Wata na'ura ake ɗaurawa a fuska, kamar ƙaton tabarau, ana kiranta VR. A cikinta kowane ido yana ganin nasa hoton, hotunan biyu sun ɗan bambanta kaɗan, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga kamar wuri ne na gaske mai zurfi da faɗi. Akwai kyamarori a jikinta da ke lura da motsin kai, idan ka waiga hagu birnin ma ya waiga da kai. Kana riƙe da rimot biyu, ɗaya a kowane hannu, ka kai naushi Batman ya kai. Wasu kan ji jiri idan sun daɗe da ita, domin ido yana cewa ana gudu, amma abin da ke cikin kunne mai kula da daidaiton jiki yana cewa a tsaye ake. Wannan bayanin malamar kimiyya ce ta yi mana da muka tambaye ta, kuma tunda muka shigo aji biyu ba mu taɓa yin tsit a darasi irin na ranar ba.

To, yanzu mu zo ga lissafi. Gem ɗin ba ya aiki sai a na'urar Meta Quest 3 ko ƙanwarta Quest 3S, na kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp. Mai arahar ita ce 3S, kuma a 2024 an sayar da ita kusan dala 300. A lokacin dala ɗaya ta haura naira 1,500, ke nan ana maganar sama da naira 450,000, ban da kuɗin kawo ta. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke karɓar wannan sai ya tara albashinsa na wata shida, bai ci ba bai sha ba, kuma har lokacin da saura. Ko an ba mu ita kyauta, batirinta awa biyu da 'yan mintuna yake yi, a unguwar da ake kwana biyu ba a kawo wuta ba. Don haka 'yan uwa, wanda ya ce muku yayansa zai sayo masa ita ran Sallah, ku yi masa fatan alheri kawai. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Malamanmu suna da gaskiya a wurare da yawa, kuma ba za mu ɓoye ba. Mun san waɗanda ke sulalewa bayan tara su tafi gidan gem. Mun san waɗanda ke wuni da yunwa don su ba mai shago kuɗin tararsu su buga ƙwallo na minti goma. Mun ga masu gyangyaɗi a darasin lissafi saboda sun raba dare da wayar wani. Ga lubar da aka fasa, iyayen yaron ne za su biya, a wannan tsadar. Duk wannan laifinmu ne, mun amsa.

Inda muka ɗan saɓa da malamai shi ne maganar hana ambaton gem. Ana iya hana baki, amma tunani yana nan. Kuma a cikin surutun da muke yi akwai tambayoyi masu kyau. Wata 'yar ajinmu ta ce, yaya na'urar take sanin ka ɗaga hannu? Wani ya ce, wa yake zana ginin, wa yake koya wa mugu yadda zai kauce wa naushi? Amsar ita ce mutane ne, masu zane da masu lissafi da masu rubuta umarni ga kwamfuta, kuma albashi ake biyansu. Palmer Luckey, wanda ya kafa kamfanin Oculus a 2012, a garejin gidansu ya fara harhaɗa irin wannan tabarau tun bai kai shekara 20 ba. A 2014 Facebook ya sayi kamfanin a kan kusan dala biliyan 2, daga nan ne na'urar Quest ta samo asali. Mun san Amurka daban, nan daban. Amma shi ma akwai ranar da ya fara taɓa kwamfuta.

Mu kuwa yawancinmu shekararmu 13, muna aji biyu, kuma ba mu taɓa ta ba. Muna yin darasin kwamfuta sau biyu a mako, a allo. Mun zana kibod a littafi, mun zana maus har da wutsiyarsa, mun haddace sassan kwamfuta mun ci jarrabawa. Ga ɗakin kwamfuta can kusa da laburare da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Mun leƙa ta taga mun ga an lulluɓe su da zane. Mun tambaya, an ce babu wuta, kuma babu kuɗin man janareta. Mun yarda, domin a 2024 litar fetur ta kusa naira 1,000, a gidajenmu ma ana jin jiki.

Ga roƙonmu ga Shugaban Makaranta da malamin kwamfuta. A buɗe mana ɗakin awa ɗaya a mako, ranar da ƙungiyoyi ke zama, aji bayan aji. Akwai wata manhaja mai suna Scratch da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin yara. Kyauta ce, kuma idan an sauke ta sau ɗaya ba ta buƙatar intanet. Ana jera umarni ne kamar ana jera bulo, sai ka ga ɗan zane yana tafiya, yana tsalle, yana magana. Da ita yara irinmu suke haɗa ƙananan gem nasu. Maganar mai kuma mun yi lissafi: idan ɗalibai 40 suka cire naira 50 daga kuɗin tara, an sami naira 2,000, kusan lita biyu ke nan a farashin 2024. Idan makaranta da iyayenmu sun amince, gara kuɗin su shiga tankin janareta da su shiga aljihun mai gidan gem. Muna kuma roƙon a raba kujeru daidai tsakanin maza da mata, kada masu ƙarfi su ture sauran.

Mun riga mun san gem ɗin da za mu fara gwadawa. Bayajidda ne a bakin rijiyar Kusugu ta Daura, da dare, ga guga ga takobi, macijiya tana jira a ƙasa. Ba zai yi kyan na Batman ba, wataƙila macijiyar ma ta fi kama da igiyar shanya. Amma namu ne, kuma sannu sannu ba ta hana zuwa.

A namu ɓangaren mun ɗauki alkawari uku. Ba faɗan Batman a cikin aji. Ba sulalewa bayan tara. Duk wanda aka kama a gidan gem lokacin makaranta, a cire sunansa daga jerin masu shiga ɗakin kwamfuta har ƙarshen zango. Mun liƙa farar takarda a ƙasan wannan rubutu. Duk ɗalibin da ya yarda da roƙon da alkawuran ya rubuta sunansa da ajinsa, ranar Litinin bayan asambili za mu kai wa Shugaban Makaranta. Don Allah kada a yage ta, kuma kada a rubuta Batman a wurin suna.

Daga wakilin Ƙungiyar 'Yan Jarida, Aji 2B