ZAUREN 'YAN MATA: Ranar da na wanke motar Baba

   

Na san wasunku suna ganin kan maganarmu ta yau za su taɓe baki su ce, "Anti kuma, me ya haɗa mu da wankin mota muna zaman zamanmu?" To ku dakata tukuna. Shekaranjiya na fito zan tafi unguwa, sai na tarar da 'yar maƙwabtanmu a ƙofar gida tana dirzar motar yayanta da busasshen tsumma iya ƙarfinta, wai gwaninta za ta yi masa. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don kaina na tuna. Na ce, "Ke 'yar nan, ajiye tsumman nan, zo in ba ki labari." Labarin da na ba ta shi zan ba ku yau.

Jajibirin ƙaramar Sallah ne a 1994, ina aji biyar na sakandare. Babanmu malamin makaranta ne, kuma in ka cire gidan da muke ciki, ba shi da wata kadara sai motarsa Peugeot 504 shuɗiya, irin wadda ake harhaɗawa a Kaduna. Ku da ba ku tarar da zamanin ba, a 1975 aka fara harhaɗa motocin nan a Kaduna, kuma a lokacinmu in aka ce wane yana da fijo, to an gama magana. Da bashi Baba ya saye ta, shekara da shekaru ana cira daga albashinsa. Mai wanke ta kullum almajirin gidanmu ne, yaro ɗan shekara goma sha uku, mai natsuwa, Baba da kansa ya koya masa.

Ran nan yaron bai zo da wuri ba, Baba kuma ya tafi wajen tela karɓo ɗinkinmu. Motar ta kwana a gindin darbejiya, jemagu sun ɓata mata banet, kashin ya bushe ƙamas. Sai raina ya ba ni in wanke ta, in Baba ya ji daɗi ƙila ya kai mu kallon Hawan Daushe. Da rana tsaka, inuwa ta janye, jikin motar ya ɗau zafi rau, na ɗebo garin sabulun wankin kaya na kaɗa a bokiti na hau aiki. Kashin jemage ya ƙi fita. Ni kuwa gwana, na shiga madafi na ɗauko soson ƙarfe na wankin tukunya. Nan da nan ya fita fes! Da motar tana jiƙe sai sheƙi take yi, har ina yaba wa kaina. Tana bushewa, tabɗi! Banet ɗin ya yi fari-fari, zane ko'ina kamar kyanwa ta yakushe shi, ruwan bokitin kuwa ya koma shuɗi. Garin neman gira na rasa ido. Na zubar da ruwan a kwata, na shige ɗaki na yi lamo.

Baba na dawowa ya gani, daidai lokacin da almajirin ya shigo da kwanonsa. Yaron nan ya rantse ya maya bai taɓa motar ba. Baba ya ce, "Ban da kai wa ke taɓa motar nan? Tattara ka tafi, kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan." Ina laɓe bayan labule ina jin kukansa har ya fita zaure. Rigar Sallar da aka ɗinka masa tana cikin ledar da ke hannun Baba.

Da aka sha ruwa kunu ma ya ƙi wuce mini. Umma ta dube ni ta ce, "Ke, miƙo hannunki." Ƙarƙashin farcena duk shuɗin fenti. Ba ta dake ni ba, ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Wata guda kina azumi, ki rufe shi da haƙƙin ɗan mutane?" Na tashi jiki na ɓari na je na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni ce." Ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya sa takalmi, da kansa ya je makarantar allon a daren nan ya taho da yaron, ya ba shi haƙuri a gabanmu, ya miƙa masa rigarsa. Ni kuma aka yanke mini hukunci: kowace Asabar ni zan wanke motar, almajirin yana tsaye yana nuna mini, har in gama makaranta. Hawan Daushe kam ban gan shi ba a shekarar. Banet ɗin ya yi watanni a haka kafin Baba ya samu kuɗin mai fenti, kuma har aka sayar da motar launin bai taɓa zama ɗaya da sauran jikin ba.

To ga abin da na koya, wani daga malamina almajiri, wani kuma daga baya da Allah ya ba ni tawa motar.

Da farko ki san fentin mota hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, sai mai launi, sannan a motocin yanzu akwai wani garai-garai a sama mai ba da sheƙi, wanda kaurinsa bai kai na takardar littafinki ba. Duk abin da ya karce shi ya karce ke nan. Ƙurar hunturun nan da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana haɗuwa da yashin titi ta kwanta a jikin mota. In kika sa busasshen tsumma, yashin ne kike gurzawa a kan fentin. Shi ya sa za ki ga mota a rana da zane-zane kamar saƙar gizo. Haka ma rubuta suna da yatsa a kan ƙurar mota, ku 'yan makaranta ku daina.

Lokacin wanki shi ne da sassafe ko da yamma liƙis, a inuwa. Ki ɗora bayan hannunki a jikin motar, in da zafi ki jira. A kan ƙarfe mai zafi sabulu yana bushewa kafin ki ɗauraye, ya bar tabo.

Ki tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Ki fara kwara wa motar ruwa daga sama har ƙasa don yashin ya sauka kafin hannunki ya taɓa ta. Sannan ki tsoma tsummanki a sabulu, ki wanke rufi, sai gilasai, sai banet da but, sai ƙofofi, ƙasan ƙofofi da bamba su ne ƙarshe domin can datti ya fi yawa. Duk ɓangaren da kika gama, ki ɗauraye tsumman a ruwa zalla kafin ki mayar da shi cikin sabulu, kin ga yashin ya zauna a bokiti na biyu. Taya da wili ki ware musu nasu tsumman da buroshi. Tsumman da ya faɗi ƙasa kuwa ya gama aiki sai an wanke shi. Mafi kyau shi ne tawul ɗin nan mai laushi da ake kira maikurofaiba, in babu, tsohuwar singileti ta auduga, wankakkiya, marar maɓalli. Ki cire zobe da awarwaro kafin ki fara.

Maganar sabulu, akwai na ruwa da aka yi domin mota, ana samu a shagunan kayan mota. Garin sabulun wanki da sabulun wanke-wanke an yi su ne don cin maiƙo, saboda haka suna cinye kakin da ke kare fenti, yau da gobe motar ta dusashe. In ba ki da na mota, ruwa mai yawa zalla ya fi.

Kashin tsuntsu da na jemage da ruwan 'ya'yan itace suna cin fenti, musamman in rana ta gasa su. Kada ki bari su kwana biyu. In sun bushe, ki jiƙa tsumma ki shimfiɗa a kai na minti biyar zuwa goma, za su yi laushi ki ɗauke su a hankali. Da na san wannan a 1994, da soson ƙarfe ya zauna a madafinsa.

Kina gama ɗauraya ki tsane motar da wani busasshen tawul mai tsabta. Ruwan rijiya da na burtsatse sau da yawa suna da zartsi, in suka bushe da kansu sai ki ga farin ɗigo-ɗigo a gilashi da fenti. Injin kuwa kada ki kwara masa ruwa, akwai wayoyin lantarki a ciki, wannan aikin waɗanda suka sani ne.

Sai shafa kaki. Masu shago duka folish suke ce musu, amma iri biyu ne. Akwai mai ɗan gurza fenti don ya ɓatar da ƙananan zane, wannan ba na kullum ba ne, yawan sa shi yana rage fentin. Akwai kuma kaki, wanda ke zama kamar riga a kan fenti, ya kare shi daga rana da datti. Sananne a ciki shi ne karnauba, daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samo shi a arewa maso gabashin Birazil. Sai motar ta wanku ta bushe ake shafawa, a inuwa. Ki lakato kaɗan a ɗan soso mai laushi, ki shafa siriri, ɓangare ɗaya a lokaci ɗaya. Ki jira ya yi hazo-hazo, ki ja yatsa a kai, in ya goge tas ba damewa to ya yi, sai ki goge da tawul mai tsabta. Yawan lafta shi ba ya ƙara sheƙi, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. Ki kauce wa baƙar roba da gilashin gaba. A irin ranarmu ta arewa, duk wata biyu zuwa uku ya kamata a sabunta. Gwajinsa mai sauƙi ne: ki watsa ruwa, in ya dunƙule kamar duwatsun wuya to kakin yana nan, in ya shimfiɗe ya kwanta, lokaci ya yi.

Cikin mota kuma mu mata mun fi kowa laifi. Ki fitar da kafet ki kakkaɓe, ki goge dashbod da tsumma mai ɗan laima. Kada ki shafa mai ko wani abu mai santsi a sitiyari, birki, totur ko kuloci, ƙafa ko hannu na zamewa a yi haɗari. Turare in ya zube a roba yana ɓata ta, ɗanyen lalle in ya taɓa kujera ya zauna ke nan. Gwangwanin turaren feshi kada ya wuni a mota a rana, zafi na iya fasa shi. Kaskon turaren wuta kuwa ba shi da wuri a cikin mota ko kaɗan.

Tunda kin riga kin jiƙa hannu, ki roƙi Baba ko Yaya su nuna miki yadda ake duba baƙin mai. Mota tana tsaye a wuri mai daidai, inji a kashe ya huce, ki zaro sandar awo ki goge, ki mayar, ki sake zarowa. Man ya kamata ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Murfin lagireto kada ki kuskura ki buɗe shi inji na da zafi, tafasasshen ruwa zai yi tsalle ya ƙona miki fuska. Yawan iskar da taya ke so galibi yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma kafin a yi tafiya ake aunawa. A jikin tayar ma akwai lamba huɗu da ke faɗin ranar haihuwarta: in kin ga 2322, to an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2022. Tsohuwar taya takan tsattsage ko da zanenta bai cinye ba.

Abu mafi girma kuma: in kin gama, ki leƙa ciki, ki kulle motar, ki rataye makulli inda ƙannenki ba za su kai ba. Yara kan shiga mota da wasan ɓuya ƙofa ta rufe da su, zafin cikin mota a rana kuwa yana kisa cikin ɗan lokaci. Allah ya tsare mu da zuri'armu.

Masu cewa wankin mota aikin maza ne, ni dai ban ga abin kunya ba ga yarinya ta yi shigarta ta mutunci ta wanke motar mahaifinta a cikin gida. Gobe ke ce malamar asibiti ko malamar makaranta mai motar kanki, kin ga ba mai yi miki wayo. Sannan ga wata shawara ta kunne, ku masu samari: ki rage kallon sheƙin motar da ya zo da ita zance, ƙila ma aro ce. Ki lura da yadda yake magana da yaron da ke wanke ta. Yadda ya ɗauki na ƙasa da shi, haka zai ɗauke ki ranar da ɗoki ya wuce.

In kuma tsautsayi ya sa kin yi ɓarna a gida, ko faranti ne kika fasa, ki faɗa da bakinki kafin a ɗora wa 'yar aiki ko almajiri. Mai fenti ya gyara banet ɗin Baba, amma kukan yaron nan a zaure har yau ina jin sa a kunnena. Yanzu magidanci ne da iyalinsa, duk Sallah yana zuwa gaida Umma, in ya gan ni sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ana dai wankewa daga sama zuwa ƙasa ko?"

Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, ina karanta kowace ɗaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku.