Mu Riƙa Kai Yaranmu Baje Kolin Legas

  

Yau ina so ne in yi tsokaci a kan wata ɗabi'a tamu ta Hausawan Agege. A nan aka haife ni, mahaifina goro yake sayarwa. Tun ina firamare nake ganin yana shirin zuwa baje koli duk watan Nuwamba, amma bai taɓa cewa in raka shi ba. Wannan baje koli an fara shi a 1977, ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Legas ce ke shirya shi tun 1986, kuma kwana 10 ake yi ana ci a dandalin Tafawa Balewa.

Da lokacinsa ya zagayo, sai na ce wa Yaya mu ɗauki iyali mu je. Baba na ji ya ce, "Kai, me yaro zai yi a can? Wurin ciniki ne, ba gidan biki ba." Na ce, "Baba, a yi haƙuri a bar mu, ko don su buɗe ido." Da ƙyar ya yarda.

Muka kama hanya ni da Yaya da matarsa da yaransu uku. Danfo muka hau zuwa Oshodi, daga nan sai Obalende. Da muka hau doguwar gadar nan ta Third Mainland, sai yaran suka manne da taga suna ihu. Wallahi a ranar suka fara ganin ruwan Legas da kwale-kwalen masunta, alhali a garin aka yanke musu cibi. Abin ya ba ni kunya.

A ƙofar dandalin suka tsaya kallon gumakan fararen dawakin nan. Babbar ta tambaye ni wane ne Tafawa Balewa. Na ce mata Firayim Ministan Najeriya na farko ne, mutumin Bauchi, kuma da Hausa yake magana kamar ita. Ba ta yarda ba sai da babanta ya sa baki. A ciki kuwa sun ga injin niƙa, da keken ɗinki, da fitilu masu aiki da hasken rana, sun ji yadda baƙi daga ƙasashen waje ke tallan hajarsu.

Ba zan ɓoye muku ba, tsoron da Baba yake ji gaskiya ne. Wajen la'asar muka nemi ƙaramin, mai shekara 5, muka rasa. Uwarsa har ta fara kuka. Can muka hango shi zaune kusa da wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da lemo, ta riƙe masa hannu. Ashe da Yarbancin da ya tsinta a unguwa ya gaya mata daga Agege yake. Muka yi ta godiya.

To amma don yaro na iya ɓata sai mu kulle shi a gida? Ni dai a ganina a'a. Maganin abin shi ne shiri. A rubuta lambar waya a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu. A je da safe, a ranar aiki, kafin cunkoso. A tafi da ruwa da abinci daga gida, kuɗin ba zai yi yawa ba. Kowane babba ya san yaron da ke hannunsa.

Kakanninmu da ƙafa suka yi fatauci har Gwanja. Bai kamata jikokinsu su tashi ba su san komai ba sai layin gidansu da islamiyya. Yaran nan su ne za su gaji rumfunanmu, kuma da mutanen garin nan za su yi ciniki. Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi.

Da muka dawo, ƙaramin ya zauna yana ba Baba labarin injin niƙa. Baba ya yi shiru, can ya ce, "To, baɗi da ni za a je."

Allah ya raya mana zuri'a. Sai na ji daga gare ku.