Rufin da Ya Ƙi Kulluwa

A wata Babbar Sallah da ta faɗo a farkon damina, wani ƙanena da ke aiki a Abuja ya zo gida Daura da wata 'yar mota mai kujera biyu, irin wadda ake naɗe rufinta da hannu a kwantar da shi bayan kujeru. Tsohuwa ce, ta ga jiya ta ga yau a wata ƙasar Turai kafin ta biyo jirgin ruwa, amma an goge ta tana sheƙi. Yara suka yi ta binta a guje har ƙofar gida. Tun da ya saye ta, in ji shi, bai ɗaga rufin ba ko sau ɗaya, kusan wata biyu ke nan, don a rumfa yake ajiye ta kuma da yamma kawai yake fita da ita.

Washegarin Sallah da la'asar sakaliya hadari ya haɗo daga gabas. Wanda ya san garinmu ya san abin da ke gaba: iska mai jan ƙura ce za ta fara isowa, ruwan ya biyo bayanta. Ƙanen nawa ya ja rufin ya taso lafiya, ya zo daidai saman gilashin gaba, ya tsaya. Saura kamar faɗin yatsu biyu ƙugiyoyin su kama, suka ƙi. Ya danna, na danna, wani maƙwabci ya hau ya danna. Da yayyafi ya fara sauka sai ya ce, "Yaya, ko akwai igiya a gida?" Haka motar da aka sayo don ƙawa ta kwana ɗaure da igiyar ragon layya.

An yi dariya, ni ma na dara. Amma tun daga ranar nake juya al'amarin a raina, kuma na tsaya a kan ra'ayin da nake so in kare a nan: matsalar wannan rufi ba wasan masu kuɗi ba ce kawai. Tana nuna wani giɓi a yadda muke gyaran abin hawa, kuma mutanen da za su cike giɓin suna nan cikinmu, sai dai ba mu ɗauke su da daraja ba.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, domin yawancin ɓarnar daga rashin saninsa take tasowa. Rufin irin wannan mota laima ce da aka ɗora a kan haƙarƙarin ƙarfe masu gaɓoɓi. A can gaba akwai sanda guda mai kauri wadda take kwantawa a kan ƙarfen saman gilashin gaba. A jikin sandar akwai 'yan turaku da ke shiga ramukansu don rufin ya zauna daidai, sannan akwai ƙugiya, ɗaya a tsakiya ko biyu a gefe da gefe, da mariƙin da ake turawa har ya wuce tsakiyar zagayensa ya kulle kansa. A gefuna biyu, cikin kalmasar yadin, akwai siririyar wayar ƙarfe da ke ɗaure bakin rufin don ya manne da gilasan ƙofa. Duk wannan an auna shi ne a kan tsawon yadin ranar da ya fito daga masana'anta. Idan yadin ya ragu da ɗan kaɗan, lissafin duka ya rushe.

Yadin kuwa raguwa yake yi. Mafi yawan tsofaffin motocin nan rufinsu na leda ne mai kauri, wadda aka cuɗa da wasu sinadarai masu sa ta laushi. Zafi da hasken rana suna fitar da waɗannan sinadarai sannu a hankali, sai ledar ta bushe, ta ƙage, ta yi tauri. Idan aka bar ta a naɗe makonni, sai ta saba da naɗin, ta ƙi miƙewa. Sanyi kuma yana ƙara ɗaure ta. To, a duba yanayinmu: a watan Afrilu zafin Daura kan haura digiri 40 a inuwa, baƙin rufi a tsakar rana kuwa ya fi haka nesa, a tsakiyar hunturu da asuba sai ya sauko ƙasa da 15. Ga ƙurar hazo da ke shiga kowace gaɓa, ta haɗu da giris ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Rufin da zai yi shekaru masu yawa a Jamus ko Beljiyam, a nan cikin 'yan damina kaɗan yake tsufa, alhali ma da tsufansa ya iso.

Wani zai ce ai in ƙugiya ɗaya ta kama ya wadatar, a lallaɓa a tafi. A nan ne abin ya daina zama abin dariya. Iskar da ke gudu a saman rufin mota tana ɗaga shi ne sama, ba danna shi take yi ba. Shi ya sa za ka ga rufin yadi ya kumbura idan mota ta ɗauki gudu. Ƙarfin wannan ɗagawa kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun: idan ka ninka gudu sau biyu, daga kilomita 50 zuwa 100 a sa'a, ƙarfin iskar ninkuwa yake yi sau huɗu. Idan akwai 'yar kafa a gaba, iska ta sami ƙofar shiga, ta tura daga ciki ta kuma ja daga waje. Duk wanda ya taɓa ganin guguwar farkon damina ta yaye kwanon ajin makaranta ya san tsarin: daga kusa ɗaya da ta saki ake farawa. A kan titin Daura zuwa Kazaure, ko na Mashi, rufin da ya ɓalle a guje zai iya fizge hankalin direba a daidai lokacin da ya fi bukatarsa, kuma abin da ya tsinke ya tashi, mai babur ɗin da ke baya ne zai karɓe shi a fuska.

Mu koma ga motar ƙanena. Da gari ya waye muka kira wani makanike, mutumin kirki, gwani a kan inji. Ya duba, ya ce ƙugiyar ce ta yi gajarta, ya aika yaronsa ya ɗauko guduma. Nufinsa ya buɗe bakin ƙugiyar ta kai inda ba ta kaiwa. Allah ya sa ba a kai ga bugu na biyu ba muka dakatar da shi. Ban ga laifinsa ba; abin da aka koya masa ke nan, cewa ƙarfen da ya ƙi zuwa a kawo shi da ƙarfi. Sai dai irin waɗannan maƙallai galibi ba ƙarfen da ke lanƙwasuwa ba ne, zubi ne mai karyewa, kuma idan ya karye babu shi a kasuwar Daura, da wuya ma a same shi a Ƙofar Ruwa ta Kano.

Wanda ya warware matsalar wani dattijo ne mai ɗinkin kujerun mota da rumfunan Keke Napep. Bai taɓa ganin irin motar ba. Ya shafa yadin da tafin hannu, ya lanƙwasa gefensa ya saurari ƙararsa, ya ce, "Alhaji, wannan ba ciwon ƙarfe ba ne, fata ce ta bushe. A kai ta rana." Aka ajiye motar a fili har azahar, rufin a ɗage, ba a kulle ba. Kafin nan ya sa aka wanke gaɓoɓin da buroshi aka fitar da ƙurar da ta daskare, ya gano cewa ƙugiyar tana da zare da noti, ya sassauta ta zagaye biyu, ya sa aka sauke gilasan ƙofa. Da ledar ta yi laushi, mutum biyu suka ja sandar gaba a hankali, turakun suka faɗa ramukansu, ƙugiyoyin suka kama ba gardama. Ya ce a bar shi a kulle mako guda, sannan a mayar da notin inda yake da kaɗan-kaɗan. Daga baya na duba abin da masu irin waɗannan motoci a Turai da Amurka suke ba juna shawara a kai, na tarar kusan shi ne abin da dattijon ya yi, har da batun rana. Shi daga jima ya san shi, domin zuriyar dukawa ce, kuma wanda ya tashi yana jiƙa fata yana miƙar da ita ya san halin abin da ke ƙagewa.

Akwai wata hujja da nake jin ta a bakin abokai, kuma ba zan raina ta ba. Cewa suke, tun farko me ya kai mutum sayen motar da aka ƙera don masu marmarin rana? Gaskiya ne cewa wannan mota 'yar wata ƙasa ce. Motocin farko duka a buɗe suke, kamar kekunan doki da suka gada. Sai a shekarun 1920 rufaffun motoci suka rinjaye su a Amurka, daga nan buɗaɗɗiya ta koma abin sha'awa. A 1976 har an tallata Cadillac Eldorado a matsayin ta ƙarshe a irinta a Amurka, kafin yayin ya dawo. Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989 da rufin da mutum ke iya jawowa da hannu, ta kai miliyan ɗaya a 2016. Mutumin da ke shafe watanni bai ga rana sosai ba, ranar ita ce alatunsa. Mu kuwa alatunmu inuwa ce. Dubi hawan Sallah ko na Gani a ƙofar fadar Daura: a cikin dubban mahaya, Sarki ne ake riƙe wa laima. A wurinmu wanda ya isa shi ake yi wa rufi, ba wanda ya yaye nasa ba. Saboda haka na yarda, buɗaɗɗiyar motar ƙawa baƙuwa ce a ƙasar nan, kuma ba za ta taɓa yawa ba.

Inda na rabu da su shi ne cewa wai don haka batun bai shafe mu ba. Ku tsaya a bakin tasha ku ƙirga rufin yadi nawa ke wucewa cikin minti goma. Keken nan mai ƙafa uku, wanda ya ɗauki sunansa daga shirin yaƙi da talauci na NAPEP da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001, wanda Kanawa ke kira A Daidaita Sahu, wanda kuma ya cika arewa musamman bayan da Kano ta hana acaɓa a 2013, ai rumfar leda ce a kan ƙarfe. Ba a naɗe ta kamar ta motar ƙanena, amma ciwonsu ɗaya: rana ta busar, ɗinki ya saki, maɓallai su fita, labulen gefe ya ƙi haɗuwa ranar da ruwa ya sauko a kan mai jego da jaririnta. Haka tamfol ɗin a-kori-kura da ke ɗaukar hatsi daga kasuwar Mai'adua, wanda idan ɗaurinsa ya kwance a hanya buhunan manomi ne za su jiƙe. Ilimin da ya kulle rufin motar mai kuɗi shi ne dai ilimin da ke kare jarin talaka. Bambancin kawai, na farkon yana da littafi, na biyun yana cikin kan dattawa da almajiransu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a Daura muke wannan magana. Garin da aka kafa wa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 2019, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Disambar wannan shekarar. Na san an gina jami'ar ne da jiragen ƙasa a zuciya, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka tsara ya ratsa ta Daura yana bukatar injiniyoyi. Ba na jayayya da haka. Amma sufurin da mutumin Baure ko Zango ko Sandamu ya sani yau da gobe shi ne keke da babur da a-kori-kura. Ina ganin ba ƙasƙanci ba ne ɗalibin injiniya ya ɗauki yankunan tamfol iri huɗu ko biyar da ake sayarwa a kasuwa, ya shanya su a rana daga bazara zuwa bazara, yana auna raguwarsu da taurinsu kowane wata. Aiki ne da ba ya bukatar na'ura mai tsada: ma'auni, littafin rubutu da haƙuri. Sakamakonsa zai gaya wa mai keke wane yadi ne ya cancanci kuɗinsa, ko fari ya fi baƙi daɗewa da nawa, wane zare ne ba ya ruɓewa. Kuma ina ganin wanda ya kamata a fara gayyata cikin ɗakin gwajin shi ne irin dattijon nan, a zaunar da shi a kujerar malami, a biya shi kuɗin malami.

Ga wanda ya riga ya sayi irin motar ƙanena, ko yake shirin saye, abin da na koya kaɗan ne. Kafin ka biya kuɗi, ka sa a ɗaga rufin a kulle a gabanka da sanyin safiya, ba da tsakar rana ba lokacin da ledar ke da biyayya. Kada ya kwana a naɗe, balle ya yi wata. Kada a naɗe shi da danshi. Baƙin mai da giris ba abokan roba ba ne, kumbura ta suke yi su lalata ta, kuma ƙura suke tarawa. Man silikon ake shafa wa robobin baki. Akwai kuma 'yan magudanan ruwa a bayan kujeru waɗanda ƙurar hunturu ke toshewa, sai ruwan farko ya taru a cikin mota mai ita yana zargin rufi. Idan ƙugiya ta ƙi kamawa, a nemi dalili kafin a nemi ƙarfi.

Da aka gama aikin, ƙanena ya tambayi dattijon nawa ne ladansa. Ya ɗan yi shiru, ya ce ai bai ɗinka komai ba, a ba yaran da suka wanke ƙarfen abin shan ruwa. Sai da muka matsa masa ya karɓa, yana ta mamakin a biya mutum don ya ce a kai abu rana. Motar ta koma Abuja rufinta a kulle. Igiyar ragon kuwa ƙanena ya ƙi mayarwa. Har yau tana cikin but, wai ko da Allah zai sa.